Kwamfutar Kututturen Tsamiya

Ku matso kusa, tunda an ɗauke wuta kuma na ga babu mai niyyar barci. Ke Hanne, kife wayar nan, haskenta na shigar min ido. Duk kun san Tasi'u mai gyaran kwamfuta na bakin tasha, wanda kuke yi wa dariya saboda yana gama aiki sai ya juya ya tambayi mai kayan, "Ta kawo?" alhali ga gilashin kwamfutar a gabansa. To yau za ku ji inda tambayar nan ta samo asali. In kun ji, sai mu ga ko dariyar za ta sake fitowa.

Da ba haka yake ba. Tasi'u mutum ne mai hannu, ba ya cuta, ba ya cire kayan wani ya sa wa wani. Teburin aikinsa yana kallon bango ne, bayansa na ƙofa, amma ba a taɓa shigo masa ba zato. Akwai wata matacciyar monita, allon nan na kwamfuta mai kama da talabijin, a gabansa, baƙin gilashinta ya zame masa madubi, ta ciki yake ganin duk wanda ya tsaya a bakin shago. Shekara da shekaru idonsa ya saba, ko ina ya ga baƙin gilashi sai ya leƙa cikinsa, ba tare da ya yi shawara da kansa ba.

Yana da 'ya guda ɗaya, Iklima. Zazzaɓi ya ɗauke ta wata damina, tana 'yar mitsitsiya, ko makaranta ba a sa ta ba. Hotunanta duka a wayarsa suke, wayar kuma aka zare masa ita a kasuwa. Allah ya taimaka ya riga ya kwashe su ya zuba a wata tsohuwar kwamfuta da ke kusurwar shagon. Abin da ya rage musu na fuskarta ke nan a duniya.

Matarsa Barira ba ta da magana sai ta hotunan.

"Baban Iklima, a wanko mana ko guda ɗaya ne, mu rataya a ɗaki."

"Za a wanko. Suna cikin kwamfuta, ina za su je? Ni ne fa mai gyaran."

Kullum za a wanko, kullum sai gobe. Gaskiyar magana ba ya son rabawa ne, ko da Barira. Duk yamma in zai rufe shago sai ya kunna tsohuwar nan, ya buɗe hoto ɗaya da ya fi so, wanda Iklima ta ɗaura kallabin uwarta ya rufe mata ido guda, tana dariya da giɓinta. Sai ya kalla har ya ƙoshi, sannan ya kashe ya tafi masallaci.

Ranar da abin zai faru, rana ta yi ja, 'yan tasha sun fara watsewa. Ya gama kallon hoton, ya kashe, yana tattara sukudireba, sai ya ji sallama. Ya ɗaga ido ya duba baƙin gilashinsa. Ƙofa ce kawai, da bencin mai shayi a can nesa, babu kowa. Ya waiwaya. Mace ce tsaye, doguwa, da hijabi ruwan toka har ƙasa. Ya sa hannun riga ya goge gilashin, ya ce a ransa ƙura ce ta yi yawa.

"Kai ne mai gyara?"

"Ni ne, Hajiya. Amma na tashi, sai gobe in Allah ya kai mu."

"Tawa ba ta jiran gobe."

"Me take yi?"

"Tana da rai. Ba ta nuna komai."

"Fankar ciki na juyawa?"

"Tana juyawa."

"Ƙaramin aiki ne. Ki sa a kawo ta da safe."

"Ba ta ɗaukuwa."

Ya ci gaba da tattara kayansa. Almuru ya kusa, kuma duk wanda aka haifa a garin nan ya san ba lokacin bin baƙo ba ne. Matar ba ta motsa ba. Can sai ta ce, a hankali, "Ta nan nake ganin 'ya'yana. Tun da ta yi duhu ban sa su a ido ba." Ta juya kai ta dubi tsohuwar kwamfutar da ke kusurwa. "Kai ma ka san yadda abin yake."

Nan ta kama shi. Bai tambaye ta yadda aka yi ta sani ba. Ya zaci uwa ce irin Barira, wadda hoto kawai ya rage mata. Ya jefa sukudireba da tocila da wata wayar haɗi mai shuɗin kai a jaka, ya rufe shago, ya bi ta.

Ba ta bi titi ba. Ta bayan tasha ta ratsa, ta 'yar siririyar hanyar nan da ke bi ta gonakin rogo. Tana gaba, yana baya. Ya ce, "Da nisa ne, Hajiya?" Ta ce, "Mun kusa." Abin da ya ɗaure masa kai, tana gabansa, amma muryar daga bayan kunnensa ta fito. Ya waiga, rogo ne kawai iska na kaɗawa. Daidai nan aka kira sallar magariba daga cikin gari, sai matar ta tsaya cak, tana amsawa ƙasa-ƙasa har ladan ya gama. Wannan ya kwantar masa da hankali, ya ce mai amsa kiran salla ba za ta cuce shi ba.

Kun san ginin nan mai shuɗin fenti da ke ƙarshen gonakin, wanda ciyawa ta cinye? Ku ba ku yi wayo ba lokacin, amma a wurin akwai wata tsamiya da kakanninmu ma a tsaye suka same ta. Wani ɗan siyasa ne ya zo ya ce zai gina wa matasa cibiyar koyon kwamfuta, kuma duk faɗin filin garin nan bai ga inda ya yi masa ba sai gindin tsamiyar. Dattawa suka ce a matsa gefe, akwai masu wurin. Aka ce camfi ne. Aka sare ta, aka zuba siminti, aka jera kwamfutoci, aka yanka kirtani, aka ɗauki hoto, aka sa kwaɗo. Ko wayar wuta ba a ja zuwa wurin ba. Ba yaron da ya taɓa danna maɓalli ɗaya a ciki, har yau ɗin nan.

A ƙofar ginin matar ta tsaya. Kwaɗon na nan a kulle, ya yi tsatsa, amma da ta tura sai ƙofar ta buɗe. Tasi'u ya kunna tocila. Tebura ne a jere, kowanne da monitarsa, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Duk sun mutu, banda guda ɗaya a tsakiyar ɗakin. Wannan tana gurnani a hankali, 'yar koriyar fitilar akwatinta na ci, gilashinta kuwa baƙi ƙirin.

Shi mai gyara, in gilashi ya ƙi nuna komai, ba ya fara buɗe ciki. Wayoyi yake fara bi. Tasi'u ya durƙusa ƙarƙashin teburin, ya kama wayar wuta yana bin ta da hannu don ya ga soket. Wayar ta bi ƙasa, ta bi ƙasa, har inda siminti ya tsage. A tsagar akwai kututturen tsamiyar nan ya leƙo, wayar kuma ta shige cikinsa, itacen ya haɗiye ta. Ya taɓa kututturen, ya ji da ɗumi.

Yana nan durƙushe hasken tocilarsa ya faɗa kan ƙafafun matar, inda hijabin ya ɗan ɗage. Diddigenta ne a gaba. Yatsun suna kallon ƙofa, ita tana kallonsa.

Ya so ya karanta wani abu, Fatiha ma ta ɓace masa.

"Ka gani," in ji ta.

"Na gani."

"Ba cutar da kai na zo yi ba. An sare mana gida, muka shiga abin da aka ajiye a gurbinsa, tunda ba mai amfani da shi. Na fita nema, na dawo na tarar taga ta rufe. Ina jin motsinsu, su ba sa ganin hanya, ni ba na ganinsu."

Ya auna gudu, ya fasa. Kuma ban da tsoro, akwai tausayi, wannan shi da bakinsa ya faɗa. Ya miƙe ya ce, "Bari in duba."

Hannunsa ya san aikin. Ya ɗaure wayar nan mai shuɗin kai da ke haɗa akwatin da monita, babu. Ya cire ta ya sa tasa, babu. Ya ɗauko monitar teburin kusa ya jona, ita ma baƙi ƙirin. Ya ce, "Ba daga gilashin ba ne, daga ciki ne. Sai na kashe na buɗe."

"In ka kashe, me zai same su?"

"Ban sani ba, Hajiya. Na mutane, in an kashe suna tashi."

Ta dubi akwatin. Sannan ta ce, "Kashe."

Ya danne maɓallin har fankar ta tsaya. Shirun da ya biyo baya, ya ce bai taɓa jin irinsa ba, ko gyare ba ya kuka a waje. Ya kwance kusoshi, ya zare murfin. Wani ƙamshi ya bugo shi, na hayaƙin girki da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Busasshen ganyen tsamiya ne cike a ƙasan akwatin. Sai da ya yi sallama kafin ya zura hannu, don ya ji a jikinsa gidan mutane zai shiga.

Akwai wani siririn faifai kore da ake cewa ram, shi ne in ya ɗan goce ko bakinsa ya yi datti, kwamfuta za ta yi ta gurnani ba ta nuna komai. Ya haska, ya ga gefe ɗaya ya ɗago, danshi ya sa bakin ya yi dusu-dusu. Ya zare shi, ya ciro kilinar goge fensir daga aljihu, ya goge bakin har ya yi ƙyalli. Ya sunkuya ya hura ramin da zai mayar da shi, kamar yadda ya saba. Daga can ciki ya ji tari, ƙanana, na yara.

Matar ta dafe teburin. "Suna nan," ta ce.

Ya mayar da faifan, ya danna har ya ji ya zauna, ya rufe murfin. Ya kai yatsa kan maɓalli, sai ta riƙe masa hannun riga.

"Tsaya. In ta kawo haske, kada ka gani. Cikin gidana ne, iyalina ba a shirye suke ba. Idon mutum ba ya shiga gidanmu ya fita lafiya. Ba ni na kafa wannan ba, kuma ba ni da ikon ɗagewa."

"Zan juya baya."

Kuma ya juya. Wannan shi ke ci min rai duk sanda na tuna. Bai yi taurin kai ba, bai yi leƙe ba, ya ba wa kwamfutar baya sosai, ya miƙa hannu ta baya ya danna. Da makiyayi ne ko manomi, da runtse ido zai yi, shi ke nan. Shi kuwa mai gyara ne, bai taɓa kunna na'ura ido a rufe ba, tunanin hakan ma bai zo masa ba. Kuma abin da ke gabansa yanzu jeren matattun monitoci ne, baƙin gilashi bayan baƙin gilashi.

Fanka ta tashi. Akwatin ya yi 'yar ƙara guda ɗaya, tit, irin wadda ke gaya wa mai gyara aiki ya yi. Haske ya cika ɗakin daga bayansa, idonsa kuma ya yi abin da ya saba, ya faɗa cikin gilashin da ke gabansa.

Tsakar gida ya gani, a ƙarƙashin wata babbar tsamiya mai ganye shar. Ga turmi, ga tukunya a kan murhu. Ga yara tsirara sun taru a bakin haske suna miƙo hannu, wata tsohuwa kai ba ɗankwali tana riƙe da na goye. Yaran na tsalle sun ga uwarsu. Sai tsohuwar ta ɗago kai, ta dube shi ta cikin madubin, ido cikin ido. Ta ja zane ta rufe kanta. Duk abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba.

Ya runtse, amma an riga an gama.

"Na ce kada ka gani."

"Na juya, Hajiya. Wallahi na juya."

"Ka juya. Ka gani."

Ba faɗa a muryarta, baƙin ciki ne, kuma shi ya fi ba shi tsoro. Ta ce, "Ka mayar min da 'ya'yana, ba za ka tafi hannu rabbana ba." Ya ji yatsa mai sanyi ya taɓa kunnensa na dama, ya taɓa na hagu. "Wannan kyautata ce. Ɗayan kuwa hukuncin gidanmu ne, ka yafe min. Tafi, kada ka waiwaya."

Bai san yadda ya ratso rogon nan ba. Ya dai tsinci kansa a bakin tasha ana fitowa daga sallar isha'i, ƙafafunsa duk ƙaya. Ya duba jikinsa, lafiya. Yana ganin fitilu, yana ganin mutane, har ɓawon rake a ƙasa yana gani. Ya ce alhamdu lillahi, ashe tsoratarwa ce. Bai gaya wa Barira komai ba.

Da safe ya buɗe shago. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya ce bari ya ga Iklima tukuna. Ya kunna tsohuwar kwamfutarsa. Fanka ta tashi, ta yi tit, gilashi baƙi ƙirin.

Ya ɗaure waya, babu. Ya canza waya, babu. Ya ɗauko wata monitar, babu. Ya buɗe ciki, ya zare ram ya goge, ya cire ɗan batirin nan mai kama da maɓallin riga ya mayar. Gumi ya jiƙa masa riga. Kunnensa na gaya masa lafiyar na'urar ƙalau, don yanzu yana jin komai nata, har wucewar wuta a cikin wayoyi, amma idonsa na cewa ta mutu. Yatsunsa suka bi hanyar da suka saba bi kullum yamma, suka danna inda hoton yake, ko Allah zai sa.

Sale mai shayi ya shigo da kofi a hannu, ya tsaya a bayansa.

"Allah sarki, Iklima. Dubi yadda take dariya, kamar ka kira ta ta amsa. Allah ya sa mai ceto ce."

Tasi'u ya juyo a hankali. "Kana ganinta?"

"Ga ta nan kuwa, da kallabin uwarta."

Ya fizgi wayar Sale ya duba, baƙa. Ya fita ya leƙa talabijin ɗin mai aski, mutane na ta kallon ƙwallo, shi baƙin gilashi kawai yake gani da fuskarsa a ciki. A nan bakin titi ya zauna, babba da shi, ya yi kukan da ko ranar jana'izarta bai yi ba.

An yi nema, kada ku ce ba a yi ba. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an je asibitin ido a birni, likita ya ce idonsa ya fi na yaro lafiya. Barira ta sa aka kwashe hotunan aka wanko su, manya da ƙanana, ta kawo masa ta ɗora a cinyarsa. Ya juya takardar, ya sake juyawa. Farin gefen yana gani, tsakiyar kuwa baƙi. Duk abin da ya ratso ta cikin na'ura an rufe masa shi. Barira ba ta ce masa "da ka ji maganata" ba, ko sau ɗaya, kuma ya ce shirun nata ya fi masa ciwo. Da tun farko ya wanko ya rataya, ko ba komai da sun yi shekarun nan suna kallonta tare. Ya koma ginin da rana tsaka ya yi ta sallama, yana roƙo, ba wanda ya amsa. Da ya samu ya shiga, ya tarar kututturen ma ya yi sanyi.

Kyautar kuwa ta kama. Yanzu kafin ka ajiye kwamfutarka ya kunna, ya kara kunne, ya gaya maka abin da ke damunta. Daga garuruwa ake kawo masa aiki, ana cewa babu kamarsa, ana yi masa barka da baiwa. Ya ce wa yayanmu da za a karɓi kunnuwan biyu a ba shi kallo ɗaya, da ya bayar.

Fuskar kuma tana gushe masa. Da yana rufe ido ya gan ta, yanzu giɓin yake tunawa, sauran sai ya yi ta lalube. Shi ya sa har yau, duk yamma kafin ya rufe shago, yake kunna tsohuwar nan, ya danna inda ya saba, ya zauna gaban baƙin gilashi. In wani ya zo wucewa sai ya kira shi.

Saboda haka abu biyu nake so ku riƙe. Hanyar rogon nan ta bayan tasha, kada wanda ya bi ta shi kaɗai in rana ta yi ja, ko wa ya kira ka, ko da kuka yake yi. Na biyu kuma, ke Hanne da ke nake, don na ji abin da kuka yi rannan. In Tasi'u ya kira ki ya ce, "'Yata, zo ki duba min, wane ido kallabin ya rufe?" kada ki yi dariya ki gudu. Ki tsaya ki duba da kyau, ki gaya masa na hagu ne, ki gaya masa kalar kallabin, ki gaya masa tana dariya. Zai sake tambayarki gobe, ki sake faɗa masa.